Karatun doka a jami'a: me zai tsinana wa ƴarka, me zai tsinana wa Damagaram?

Wani Alhaji mai shagon atamfa a Kasuwar Dole ne ya yi tambayar. Ya ce ƴarsa ta ci jarrabawar bak bana, ta kafe sai doka za ta karanta a jami'a. Shi kuwa ya fi son ta yi likita ko injiniya, don su yake gani suna gina ƙasa. A ganinsa doka a ƙasar nan takarda ce kawai, mai kuɗi da mai hanya ke cin shari'a. To me wannan karatu zai tsinana wa yarinyar, balle ya tsinana wa Damagaram?

Alhaji, Allah ya sa wa karatun ƴarmu albarka. Shawarata ka ƙyale ta ta karanta abin da ranta ya kwanta da shi. Amma tunda koyar da doka ita ce sana'ata, ba zan ɓoye maka ba: karatun yadda ake bayar da shi yana da giɓi babba, kuma in ba ta san da giɓin ba tun yanzu, za ta fito da takardar shaida ba tare da ta iya raba gardamar gona ko guda ba.

Bari mu soma da gina ƙasa, tunda nan ne shakkarka take. In ka bi hanyar Mirya, ko ka nufi Magarya da Matamai, dubi gonakin da ke gefen hanya. Gawo ne ko'ina, da ƙalgo da kuka da aduwa. Dattawan wurin za su gaya maka cewa a shekarun fari na 1970 da 1980 wuraren nan sun kusa zama fili fetal. Masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5, kuma akasarinsu ba dasa su aka yi ba. Tsiron da ke fitowa daga kututture manomi ke ragewa, ya bar mai ƙarfi, ya yi masa sassabe har ya girma. Wannan dabara ba ta buƙatar injiniya, kakanni ma sun san ta. Me ya sa aka daina, me ya sa kuma aka dawo?

Dalilai sun haɗu, akwai yunwa, akwai ƙarancin ƙasa, akwai ayyukan raya karkara. Amma akwai na doka, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Dokar daji ta 1974, wadda ta bi sawun ta Turawan mulkin mallaka, ta sa gawo cikin itatuwan da aka hana taɓawa. Itacen yana cikin gonarka, amma in ka sare reshe ba izini malamin daji na iya cin ka tara. Manomi ba wawa ba ne. Da ya ga tsiro lokacin sharar gona sai ya tuge shi tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zame masa jidali. Dokar da aka yi don kare itace ita ta sa ake kashe shi tun yana jariri. Da mutane suka fara jin cewa itacen gonarsu nasu ne, aka zo da dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, da sabuwar dokar daji ta 2004, har da wani kudurin gwamnati na 2020 da ya ƙara tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina, sai hannun da ke tugewa ya koma yana tattali. Ganyen gawo ya ba gona taki, ƴaƴansa suka ciyar da dabbobi da rani, mata suka huta da dogon zuwa itace. Wani ne ya zauna ya rubuta dokar farko, wani ne ya zauna ya gyara ta.  Bambancinsu, ɗaya ya yi tunanin abin da manomi zai yi in dokar ta iske shi a gona, ɗayan bai yi ba.

Kai ma ɗan kasuwa ne, ka san wannan a jikinka. Kana ba mutum kaya bashi ne in ka san shi, ko ka san gidansu, ko akwai dillalin da zai tsaya masa. Baƙo daga Gure ko Tanut, komai kyan maganarsa, sai ya ajiye kuɗi. Kasuwancinka ya tsaya iyakar mutanen da kake iya kunyatawa in sun ci amana. Abin da malamai ke nufi da ƙasa mai bin doka bai wuce a faɗaɗa wannan iyaka ba: ka iya mu'amala da wanda ba ka sani ba, don ka san akwai inda za ka kai shi, wurin kuma ba zai dubi wane ne ubansa ba, ita kanta hukuma in ta taka maka haƙƙi akwai mai ce mata a'a. Inda babu wannan, kuɗi na ɓuya a cikin shanu da filaye da zinaren mata, ba ya shiga masana'anta.

Yanzu ga abin da za ta tarar. Ana koyar da doka a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da jami'ar Tawa mai tsangayar doka da tattalin arziki, da Jami'ar Musulunci ta Sayi inda ake haɗa shari'ar Musulunci da dokar zamani, ban da makarantu masu zaman kansu. Shekara 3 a sami lisans, 2 a ƙara a sami mastar, mai son dakta ya ci gaba. Za ta yi tsarin mulki, dokar iyali, dokar yarjejeniya da bashi, dokar hukunta laifi, dokar aikin gwamnati, daga baya ta zaɓi ɓangaren da ya shafi hukuma ko wanda ya shafi mu'amalar mutane. Za a horar da ita ta karanta hukunci ta fito da tambayar da alƙali ya amsa, ta jera hujja ba tare da son zuciya ba. Wannan horo yana da kyau ƙwarai, ba na raina shi.

Giɓin shi ne, dokar da ta fi yawa a allon aji ba ita ce ta fi yawa a rayuwar mutanen Damagaram ba. Kundin mu'amalarmu asalinsa na Faransa ne na 1804. Dokar hukunta laifi a 1961 aka fara kafa ta, daga baya aka yi mata gyare-gyare. Ɗalibin shekara ta biyu zai karanto maka da ka labarin wata yarinya da keken masana'antar taba ya take a birnin Bordo, hukuncin 1873 da aka gina dokar aikin gwamnatin Faransa a kansa. Tambaye shi hukunci guda da kotun ɗaukaka ƙara ta nan Damagaram ta yanke kan jinginar gona, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne kaɗai, hukunce-hukuncen kotunanmu ba kasafai ake buga su ba, suna can cikin kabad ɗin magatakarda, gara na yi musu karatu.

Alhali dokar tsarin kotuna, tun daga ta 1962 zuwa ta 2004 har ta 2018 da ake aiki da ita, ta ce a sha'anin aure, saki, nasaba, gado, kyauta, wasiyya, da filin da ba a yi wa rajista ba, alƙali zai yi aiki da al'adar masu shari'ar ne, muddin ba ta saɓa wa yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su ba, ko dokoki, ko ƴancin ɗan Adam. Ka lissafa, Alhaji: aure, gado, gona. Me ya rage a cikin abin da ke kai mutanen Kance ko Dungas gaban hukuma? Har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali, duk yunƙurin da aka yi ya ci tura. A nan kuma al'ada da fiƙihun Malikiyya sun cakuɗe, shi ya sa alƙali ke zama da masu taya shi sanin al'ada, waɗanda galibinsu malamai ne. Saurayi ɗan shekara 27 da bai taɓa buɗe Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ba, aka turo shi daga Yamai, wataƙila ma Hausar tasa ba ta nuna ba, shi zai tantance ko abin da malamin gefensa ya faɗa al'ada ce, ko fiƙihu ne, ko ra'ayin malamin ne.

Ga irin shari'ar da nake ba ɗalibai su gwada, kuma babu kotun karkarar da ba ta san irinta ba. A yunwar 1984 wani ya jinginar da gonarsa ga maƙwabcinsa kan ƴan dammunan hatsi, ya tafi Kano cin rani, zaman ya zarce. Ba takarda, shaidu biyu ne, da mai gari na lokacin. Dukansu sun rasu. Ƴaƴan maƙwabcin sun tashi sun tarar ubansu na noma wurin, sun zuba taki shekara da shekaru, sun raini gawo, sun shuka gamba a kan iyaka. Yau jikan mai gonar ya dawo da kuɗin hatsin a aljihu, ya ce a ba shi gonar kakansa, don a al'ada jingina ba ta zama saye komai daɗewa. Su kuma sun ce saye ne. Kafin maganar ta je kotu sai ta bi ta hannun mai gari da hakimi su gwada sulhu, a rubuta takardar an sasanta ko ba a sasanta ba. In ta iso gaban alƙali, tsoho ne zai tsaya da sandarsa yana ba da labari tun daga haƙa rijiyar garin, tafinta na taƙaita masa magana ta minti goma cikin jimla biyu ta Faransanci, magatakarda na rubuta jimla biyun. Daga ƙarshe a kai ga rantsuwa da Alƙur'ani, wanda ya ji tsoron Allah ya janye, ko da shi ke da gaskiya. Ɗalibi mai ƙwazo zai nemi amsar a kundin Faransa, ya kawo ƙa'idar mallaka ta hanyar daɗewa a wuri, ya yi kuskure tun daga tushe. Wanda ya fahimci aikin zai tambaya: shin an taɓa kai wa dangin mai gonar ɗan damin shaida bayan girbi? Wa aka kira ranar da aka gyara iyaka? Su wa suka yi makwabtaka da gonar? Sannan ya yi tambayar da ta fi duka: me ya hana a rubuta wannan jingina?

Don maganin haka dokar 1993 ta kafa kwamitocin filaye, a gunduma, a ƙaramar hukuma, har a ƙauye, masu ba da takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina, masu kuma shata burtali da mashaya. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar da cewa yawon makiyayi haƙƙi ne. Inda kwamitocin nan ke aiki, rigimar sakin gonaki bayan kaka tana raguwa. Inda suke suna kawai, ba littafin rajista, ba mai iya cike takarda daidai, sai a ji an yi ɓarna an zubar da jini. Wannan aiki masu karatun doka yake nema, kuma ba ya buƙatar baƙar rigar lauya.

Kada ka ɗauka ina cewa al'ada kullum ita ce daidai. Labarin Hadijatou Mani ya isa misali. An sayar da ita tana da shekara 12, a 1996, kan jika 240, ta zama wahaya, wato baiwar da aka mayar ƙwarƙwara, a yankin Ƙonni. An mayar da bauta laifi a dokar ƙasa a 2003, ubangijinta ya ba ta takardar ƴanci a 2005, amma ya ce ai matarsa ce. Kotun farko ta ce babu aure, tunda ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba yardarta. Kotun sama ta soke, ta jingina da al'ada. Da ta auri wanda take so, aka yanke mata ɗaurin wata 6 kan auren miji biyu. Sai kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ce, ranar 27 ga Oktoba 2008, ta ce ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Abin lura a nan, dokar da za ta cece ta tana nan a rubuce tun kafin a fara shari'ar. Alƙalin da ya ga bauta ƙiri-ƙiri a cikin takardun gabansa ya wuce ta kamar bai gani ba, shi ma ya yi jami'a. Ga inda nake cewa koyar da ayoyin doka daban, koyar da adalci daban, kuma tsangayar da ta raba su ta cuci ɗalibanta. Mace da aka hana rabonta na gona, alhali Alƙur'ani ya yanka mata, da sunan wai mata ba sa gadon ƙasa, tana buƙatar wanda ya san fiƙihu fiye da ƴan'uwanta maza, ya kuma san hanyar kotu.

Sai maganarka ta mai kuɗi da mai hanya. Ba zan musa ba, akwai cin hanci, akwai jan ƙafa, akwai wayar da ake bugo wa alƙali daga sama. Gwamnati da kanta ta kira babban taron duba matsalolin shari'a a 2012 saboda kukan ya yi yawa. Amma ka tuna 2009. Lokacin tazarce, kotun tsarin mulki ƙarƙashin wata mace, Salifou Fatimata Bazeye, ta ce ƙuri'ar raba gardamar da shugaba Tandja ya kira ta saɓa wa doka. Ya rusa kotun a ƙarshen watan Yuni, ya yi abin da ya so, a Fabrairun 2010 sojoji suka kawar da shi. Wani zai ce ka gani, ƙarfi ya fi doka. Ni abin da na gani, hukuncin nan shi ya hana kowa, a gida da waje, ya ce bai san an taka doka ba. Yau ma da aka jingine tsarin mulkin 2010 tun Yulin 2023, kotuna na zama, ana raba gado, ana shari'ar bashi, ana tsare mutane ana sakinsu. Buƙatar wanda ya san ƙa'ida ba ta ragu ba.

Kuma yawancin zaluncin da talaka ke sha ba na manyan shari'o'i ba ne. Yaro ne aka kama a Kara-Kara ko Garin Malam, iyayensa ba su san cewa a laifi na yau da kullum awa 48 doka ta ba ƴan sanda ko jandarma su tsare shi ba, a sabunta sau ɗaya da izinin mai shigar da ƙara. Ba su san yana da damar ganin lauya tun daga kamu ba. Gidajen kasonmu cike suke da masu jiran shari'a, wasu sun zarce wa'adin da za a ɗaure su da an same su da laifin. Lauyoyin ƙasar nan kusan duka a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga nan, kiran guda ya zo Damagaram kuɗin mota da masauki kaɗai ya fi ƙarfin mai tallan goro. An kafa hukumar taimakon shari'a ga marasa ƙarfi, ANAJJ, da dokar 2011, amma hukuma ba ta aiki sai da mutane. Yarinyar da ta tashi a Birni ko Zango, tana jin Hausar tsofaffi da habaicinsu, mata kuma za su gaya mata abin da ba za su iya furtawa gaban namiji ba, tana da jarin da ba a sayarwa a jami'a. Tun Maris 2025 kundin da ake mulki da shi ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ko me hakan zai haifar a kotuna, dole a sami masu zama su mayar da dokoki cikin Hausar da ba ta karkata ma'ana ba, kuma wannan sai wanda ya ƙware a ɓangarorin biyu.

Batun abinci kuwa, kada ta sa a ranta kowa alƙali ko lauya zai zama. Alƙalanci sai an ci gasa an shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a, guraben kaɗan ne. Lauyanci sai mastar, da jarrabawar shiga sana'ar, da shekarun koyon aiki a ofishin wani. Mai lisans tsura yakan sha zaman jira, wannan gaskiya ce, ka shirya ɗaukar nauyinta har mastar in da hali. Amma akwai magatakardan kotu, masu rubuta yarjejeniyar saye da sayarwa, masu isar da sammaci da zartar da hukunci, bankuna, kamfanonin inshora, kwastan, ma'aikatar haraji, ofisoshin magajin gari, ƙungiyoyin raya karkara. Matatar mai ta SORAZ da ke aiki tun 2011, kashi 60 na kamfanin Sin, 40 na Nijar, yarjejeniya ce kafin ta zama ƙarfe da bututu, kuma abin da ƙasa ke samu ko take rasawa a man fetur da uraniyom yana farawa ne daga teburin da aka rubuta sharuɗɗa.

A ɓangarenku na kasuwa, Nijar na cikin ƙasashe 17 masu dokar kasuwanci guda ta OHADA, da aka ƙulla a 1993, mai babbar kotu a Abijan. Za a koya mata wannan sosai. Abin da ba za a koya mata ba shi ne dokar Nijeriya, wadda ta gaji tsarin Ingila, ba ta kuma cikin wannan ƙungiya, alhali atamfar shagonka daga Kantin Kwari take zuwa, ba daga Abijan ba. In ta ƙara Ingilishi da ɗan sanin dokar kasuwancin maƙwabtanmu, ƴan kasuwar Damagaram da Maraɗi ba za su bar ta ta zauna ba aiki ba.

Kafin ku biya kuɗin rajista, musamman a makaranta mai zaman kanta, ku tabbatar gwamnati ta amince da takardar shaidarta, don akwai waɗanda sai bayan shekara uku suke gane ba za su iya shiga gasa da ita ba. Ku tambaya ko ana koyar da dokar al'ada da dokar filayen karkara da gaske, ko darasin cika jadawali ne, ko kuma ana tura ɗalibai koyon aiki. Duk hutun da ta zo gida, ta je ta zauna a zauren kotu, zaman a buɗe yake ga kowa in ba na yara ba ne ko wanda alƙali ya rufe. Ta nemi izini ta ga yadda ake sulhu a fada da wurin mai unguwa, ta leƙa kwamitin filaye na ƙaramar hukuma ta ga littafin rajista da idonta. Ka kuma sama mata malami ko malama ta yi babin aure da na gado a Risala, ta iya lissafin rabon gado da hannunta kafin ta gama shekara ta biyu.